Hoto Ya Ce Lafiya Lau, Mace Ta Ce Ba Lafiya: Wa Za Mu Gaskata?

 

Wannan ɗan littafi a kan jijiyoyin jini yake magana, da yadda kitse yake daskarewa a cikinsu har ya tare wa jini hanya. Cutar tana kama maza, tana kama mata, amma zamanta a jikin mace daban yake da zamanta a jikin namiji. Na yi shekara sama da ashirin ina aikin jinya, kuma ra'ayina shi ne muna cutar mata a kan wannan ciwo ba da saninmu ba. Bari in fara da abin da idona ya gani.

Gida ɗaya, hanya biyu

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Bangui daga ƙauyukanmu ya san unguwar Kilomita Biyar. Nan babbar kasuwa take, nan Hausawa da Fulani da sauran 'yan kasuwa suka daɗe da zama, nan ne kuma masallacin Koudoukou yake, wanda duniya ta ji sunansa lokacin da Fafaroma Francis ya ziyarce shi ranar 30 ga Nuwamba, 2015. Mutumin da ya taso daga wajen Bouar, ya yi tafiyar fiye da kilomita 400 don a ɗauki hotonsa a babban asibiti, sau da yawa a wannan unguwa yake samun masauki wurin dangi.

Ni ma haka ta faru da ni. Na raka wata mara lafiya birni, muka sauka a wani gida da ke bayan masallacin. Maigidan ɗan kasuwa ne. A shekarar da ta gabata ciwon ƙirji ya kama shi yana shago, gumi ya karyo masa. Kafin a yi la'asar 'ya'yansa sun kai shi asibiti. Aka gwada shi, aka kwantar da shi, aka ɗora shi a kan magani, ga shi nan yana harkokinsa.

Uwargidansa kuwa, mace mai shekara hamsin da 'yan kai, na lura in ta ɗauko bokitin ruwa daga bakin famfo zuwa madafa sai ta tsaya sau biyu tana haki, ta dafe ƙahon zuci. Da dare na ce mata, "Hajiya, tun yaushe kike wannan haki?"

Ta ce, "Malama, ai ulsa ce. Shekara biyu ke nan ina shan maganinta. An ma ɗauki hoton ƙirjina, aka ce babu komai. Alhaji ya ce gajiya ce da tunani."

Na tambaye ta ko zafin yana zuwa ne in ta ci abinci ko in ta yi aiki. Ta ce in ta yi aiki, kuma wani lokaci har muƙamuƙinta yakan riƙe. In ta zauna ta huta sai ya lafa. Na tambaye ta haihuwarta. Ta ce a cikin autanta ƙafafunta sun kumbura, ta yi jijjiga har ba ta san inda kanta yake ba. Na ɗauko ma'aunin hawan jini daga jakata. Ya haura 170 bisa 100. Tun da ta haifi autan nan ba wanda ya sake auna ta.

Ba rowa ce ta hana Alhaji kai ta asibiti ba, yana son matarsa. Shi da 'ya'yansa sun san kamannin ciwon zuciya a jikin namiji, ba su san kamanninsa a jikin mace ba. Hoton da aka ɗauka kuma ya rufe bakin kowa.

Yadda jijiya take toshewa

Zuciya tsoka ce da ba ta hutu. Tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya. Ita ma tana bukatar nata jinin, kuma tana samunsa ta wasu ƙananan jijiyoyi da suke kwance a bayanta. Faɗinsu bai wuce na bututun tawadan da ke cikin biro ba, na mace ma ya fi na namiji ƙanƙanta. Ƙwaƙwalwa kuma tana samun yawancin jininta ta manyan jijiyoyi biyu da ke gefen wuya. In ka ɗora yatsa a nan za ka ji bugawarsu.

Cikin lafiyayyar jijiya santsi gare shi. Hawan jini, ciwon suga, hayaƙin taba da yawan maiƙo a cikin jini su ne suke ƙuje wannan santsi. Inda ya ƙuje, nan kitse yake samun wurin shiga, kamar yadda ƙadangare yake samun tsagar bango. Shekara da shekaru kitsen yana taruwa a cikin bangon jijiyar, fata ta rufe shi, wani sashensa ya taurare kamar alli. Mutum ba ya jin komai. Ranar da fatar ta fashe ko ta saluɓe, jini ya yi gudaji a wurin, hanya ta toshe. In a zuciya ne, shi ne bugun zuciya. In gudajin ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 17.9, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke, wato irin namu.

Kowane hoto da abin da yake gani

Mutanenmu suna cewa "an ɗauki hoto" kamar hoton asibiti iri ɗaya ne. Iri-iri ne, kowanne da iyakar ganinsa.

Na farko, hoton ƙirji, wanda a Bangui ake kira radiyo. Yana nuna huhu da haƙarƙari da girman zuciya. Ba ya nuna cikin ƙananan jijiyoyin zuciya ko kaɗan. Shi aka ɗauki Hajiya.

Na biyu, irin na'urar da ake duba mai ciki da ita, wadda a nan ake kira eko, a Kano kuma sikanin. In an ɗora ta a ƙirji tana nuna yadda zuciya take matsa jini da yadda ƙofofinta suke buɗewa. Mutum zai iya samun kitse a jijiyoyin zuciya, wannan hoton ya fito lafiya. In an ɗora ta a wuya kuwa, tana nuna kaurin bangon jijiya da kitsen da ya taru. Babu allura, babu zafi.

Na uku, babbar na'urar nan mai kama da rami da ake tura mutum ciki yana kwance, sikana. Tana ganin allin da ya taurare a jijiya. In an yi allurar wani ruwa mai haska jini, tana nuna jijiyoyin kansu. A kai kuma ita ce take bambanta shanyewar da gudaji ya kawo da wadda fashewar jijiya ta kawo.

Na huɗu, a zura siririn bututu ta hannu ko ta matsematsi har zuciya, a tura ruwa mai haske, a ga hanyar da jini yake bi. Wannan yana nuna inda hanya ta ƙuntata, amma ramin kawai yake gani, ba ya ganin bango. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake zurawa cikin jijiyar ta dubi bangon daga ciki. Waɗannan biyu sai a manyan asibitocin zuciya.

Abin da hotuna suka nuna game da mata da maza

Bambanci na farko shi ne lokaci. Wani babban bincike mai suna INTERHEART, wanda aka yi a ƙasashe 52 har da wasu na Afirka aka kuma wallafa a 2004, ya nuna cewa bugun zuciya na farko yakan zo wa mace wajen shekara tara bayan lokacin da yake zo wa namiji. Muddin mace tana ganin al'ada, sinadarin da jikinta yake yi yana taimakon jijiyoyinta. Bayan ɗaukewar al'ada wannan kariya tana raguwa, hawan jini da maiƙon jini su ƙaru, mace ta fara kamo namiji. Jinkiri aka yi mata kawai, cutar tana nan tafe.

Bambanci na biyu shi ne yadda kitsen yake kwanciya. Ku dubi magudanar ruwa a lambu. Wani lokaci dutse ko tarin ƙasa ne yake tare ta a wuri guda, kowa ya zo zai gani ya ce ga matsalar. Wani lokaci kuma laka ce take kwanciya a hankali tun daga bakin rijiya har ƙarshen fage. Ba inda ya toshe, amma ruwan da yake isa ga shuka ya ragu. Na namiji ya fi yawan zama irin na farko. Na mace sau da yawa irin na biyu ne.

An gano haka ne a Amurka, a wani bincike mai suna WISE da aka fara a 1996 a kan mata masu ciwon ƙirji. Da aka zura musu bututu aka tura ruwa mai haske, fiye da rabinsu ba a ga wata babbar toshewa ba. Da can sai a sallame su a ce ba zuciya ba ce. Amma da aka zura 'yar na'urar da take duba bango a jikin wasu daga cikinsu, sai aka tarar kusan takwas cikin goma suna da kitse kwance a bangon. Jijiyar ta buɗa ta waje don ta ba kitsen wuri, shi ya sa ramin ya yi kamar lafiyayye. Da aka ci gaba da bin waɗannan mata shekaru, aka ga masu ciwon ƙirjin da bai daina ba sun fi sauran mata kamuwa da bugun zuciya da shanyewar jiki.

Bambanci na uku yana can cikin tsokar zuciya, inda jijiyoyi suke rarrabuwa su zama sirara kamar gashi. A jikin mata da yawa waɗannan siraran ne suke kasa buɗewa lokacin da zuciya take neman ƙarin jini, kamar lokacin daka ko ɗaukar ruwa ko hawan tudu. Sun yi ƙanƙanta, hoton bututu ba ya ganinsu. Mace tana jin zafi na gaske, hoto yana cewa lafiya.

Bambanci na huɗu shi ne yadda abin yake ɓarkewa. A jikin maza, da tsofaffin mata, yawanci kitsen yakan taru da yawa ƙarƙashin siririyar fata, ya fashe kamar maruru. A jikin matan da ba su kai hamsin ba, musamman masu shan taba, sau da yawa ba ya fashewa. Fatar sama ce take saluɓewa kamar ƙujewar gwiwa, jini ya yi gudaji a kai. Irin wannan kitse bai cika yin alli ba, don haka sikanar da take neman alli tana iya wuce shi.

A jijiyoyin wuya ma an ga bambanci. Kitsen maza ya fi girma, ya fi yawan zubar jini a cikinsa, ya fi saurin ɓarewa. Na mata ya fi ƙanƙanta da tauri. Amma kada wannan ya sa mace ta saki jiki. An ƙiyasta cewa cikin mutum huɗu da suka kai shekara 25, ɗaya zai gamu da shanyewar ɓarin jiki a rayuwarsa, kuma mata suna cikin wannan lissafi daidai da maza.

Alamun da ake raina wa mace

Ciwon ƙirji shi ne babbar alama ga kowa, mace ko namiji: nauyi, matsewa, kamar an ɗora dutsen niƙa. Amma mace ta fi namiji yawan zuwa da wasu alamu tare da shi, wani lokaci ma ba tare da shi ba:

- haki a kan aikin da ta saba yi ba wahala;
- zafi a ƙahon zuci, tashin zuciya ko amai;
- ciwo a muƙamuƙi, wuya, kafaɗa, hannu ko tsakanin allunan baya;
- kasala mai tsanani ta kwana da kwanaki;
- gumi mai sanyi da jiri.

Kowace cikin waɗannan akwai sunan da muke ba ta a gida. Zafin ƙahon zuci mu ce ulsa. Kasala mu ce shawara ko taifot. Haki mu ce ƙiba ko tsufa. In ta yawaita kuka mu ce kishi ne ko tunani, wasu ma su ce iska. Ga tambaya guda da za ta taimake ku: abin yana zuwa ne in ta motsa jiki ko ranta ya ɓaci, ya lafa in ta huta? In haka ne, a tuhumi zuciya har sai likita ya wanke ta.

Kada ku ɗauka a ƙauye kaɗai ake wannan kuskure. A 1991 wata likitar zuciya, Bernadine Healy, wadda a lokacin take shugabantar babbar cibiyar binciken lafiya ta Amurka, ta rubuta cewa likitoci ba sa kula da zuciyar mace yadda ya kamata sai in ciwonta ya yi kama da na namiji. Yawancin abin da aka koya wa likitoci da mu ma'aikatan jinya a jikin maza aka gano shi. Mu ma muna da gyara.

Abubuwan da suka fi cin mace

Hawan jini, suga, taba, ƙiba da zama wuri ɗaya suna cutar kowa. Amma akwai waɗanda suka fi yi wa mace illa, akwai kuma waɗanda nata ne ita kaɗai.

Ciwon suga yana rushe kariyar da mace take da ita a ƙuruciya. Haɗarin da yake ƙara wa zuciyar mace ya fi wanda yake ƙara wa ta namiji. Taba ma haka: da aka haɗa bincike da yawa a 2011, an ga illar sigari ga zuciyar mace ta ɗara ta namiji da wajen kashi 25 cikin 100. Taba gari da ake shaƙa ko a sa a baki ita ma taba ce.

Ciki kuwa gwaji ne ga jijiyoyin mace. Wadda ta yi hawan jini na masu ciki, ko jijjiga irin ta Hajiya, haɗarinta na ciwon zuciya da shanyewar jiki nan gaba ya kusa ninki biyu na wadda ba ta yi ba. Haka wadda suga ta taso mata a lokacin ciki, da wadda al'adarta ta ɗauke da wuri. Mu kuwa da an yi suna an watse, sai mu manta. Katin awon ciki ya kamata a adana shi kamar takardar gona, a nuna wa duk likitan da zai duba ta ko bayan shekara ashirin.

Sai maganar jego. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce a wajen ɗaga jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan kumburin zuciya a jikin masu jego, suka kuma yi zargin yawan kunun kanwa da zafin wankan jego suna ƙara wa zuciya nauyi. Wannan ciwo daban yake da kitsen jijiya, amma darasin ɗaya ne: mai jegon da jininta ya hau a lokacin ciki, a raba ta da kunun kanwa.

Masu cewa wannan ciwon masu kuɗi ne

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce, "Malama, mu da muke fama da zazzaɓin cizon sauro da yunwa da gudun hijira, ina mu ina ciwon Turawa masu cin man shanu?" Tambaya ce mai kyau, ga amsata.

Masu bincike sun sa tsofaffin gawarwakin da aka adana a Masar da wasu ƙasashe a cikin sikana. A rahoton da suka fitar a 2013, cikin gawa 137 kusan kashi ɗaya cikin uku suna da alamar wannan cuta. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa da aka ga cutar a jijiyoyin zuciyarta mace ce, wata gimbiya daga gidan Fir'auna mai suna Ahmose Meryet Amon, wadda ta rayu wajen shekara 3,500 da suka wuce, ta kuma rasu tana da shekara arba'in da 'yan kai. Cutar ta girmi sigari da lemon kwalba.

Kusa da mu kuma, an yi wani bincike mai suna SIREN a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, a kan mutum fiye da 2,000 masu shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna hawan jini yana da hannu a wajen tara cikin goma. Sauran abubuwan da aka lissafa sun haɗa da maiƙon jini, suga, yawan cin nama, ƙarancin ganye a abinci, barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da damuwa. Damuwa kuwa, wanda ya zauna a Kilomita Biyar ko a ƙauyukanmu a shekarun 2013 da 2014 ba sai an yi masa bayaninta ba.

Wasu kuma za su ce, "To ai mu ba mu da waɗannan na'urori, me amfanin sani?" Amfaninsa babba ne. Waɗanda suke da na'urorin sun riga sun duba mana, sun gaya mana abin da yake ciki. Abin da ya rage mana ba ya bukatar sikana. Ma'aunin hawan jini, ɗigon jini a yatsa don gwajin suga, da ma'aikacin lafiya mai sauraro, waɗannan suna nan a ƙaramin asibiti.

Akwai kuma gaskiyar da ba zan ɓoye ba. Ba duk macen da take haki ce mai ciwon zuciya ba. Ƙarancin jini, zazzaɓi, tarin fuka da ulsa ta gaske suna da yawa a cikinmu, kuma dole a nema su. Maza ma cutar ta fi kama su da wuri, kada su ji wannan magana su yi sakaci da kansu. Roƙona shi ne a sa zuciya cikin lissafi in mace ta kawo kuka, kamar yadda ake sa ta in namiji ya kawo.

Abin da za mu yi

Ga iyaye mata:

1. Ki auna hawan jini aƙalla sau ɗaya a shekara, ko kina jin lafiya. In ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu dabam-dabam, hawan jini ne. Yawancin masu shi ba sa jin komai.
2. In an ɗora ki a kan magani, kada ki daina don kin ji sauƙi. Sauƙin daga maganin yake.
3. In kin je asibiti ki faɗi komai: yadda ciwon yake zuwa, abin da yake tayar da shi, da abin da ya faru a cikunanki. Kunya ba ta da wuri a gaban likita.
4. In an ce hoto ya fito lafiya ke kuma ciwo bai daina ba, ki tambaya cikin ladabi, "Likita, wane irin hoto ne, me yake gani, me ba ya gani?" Ki koma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
5. Ki rage gishiri. Abin da babba yake bukata a yini bai kai gram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen magi da busasshen kifi. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano. Ki yawaita zogale, rama, ganyen rogo, kuɓewa da wake. Ki rage soye-soye da yawan manja.
6. Matar ƙauye mai noma da daka tana motsa jiki isasshe. Mai zama a rumfar kasuwa tun safe har magariba kuwa, ta nemi tafiyar rabin awa kullum.

Ga magidanta: kuɗin motar da za ka biya ba tare da tunani ba in ƙirjinka ya riƙe, ka biya shi in nata ya riƙe. Ka ba ta izinin zuwa asibiti tun kafin bukata ta taso, don kada ta zauna jiranka kana kasuwa ko gona. In kana shan sigari a ɗaki, da kai da ita kuke sha.

Ga kowa, a riƙe alamun gaggawa. Ciwon ƙirji ko haki mai tsanani da ya wuce minti goma sha biyar bai lafa ba, a tafi asibiti nan take. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, a tafi nan take ko da tsakar dare ne, ko da abin ya wuce da kansa bayan 'yan mintoci. Kada a ɗura wa mai shanyewar jiki ruwa ko jiƙo, yana iya shaƙewa. Kada a ba shi asfirin kafin likita ya gani, domin a yankinmu shanyewa da yawa daga fashewar jijiya take, asfirin kuwa ƙara zubar jinin yake yi.

Ga shugabannin jama'a, na coci da na masallaci da na ƙungiyoyin mata: ma'aunin hawan jini guda ɗaya zai ishi unguwa. A samu mutum biyu mu koya musu aiki da shi, a ware rana ɗaya a wata, a auna kowa a rubuta a littafi, wanda nasa ya hau a turo mana shi. A tabbata an kai ma'aunin inda mata suke taruwa, domin in a ƙofar gida aka ajiye shi, maza kaɗai za a auna.

Kafin mu bar Bangui na zauna da Alhaji na yi masa bayanin magudanar ruwa da laka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, wallahi ban sani ba." Washegari da kansa ya kai ta wurin likitan da yake duba shi. An ɗora ta a kan maganin hawan jini, an gwada suga da maiƙon jininta, an ba ta ranar komawa. Shekara biyun da ta yi tana shan maganin ulsa ba za su dawo ba, amma yanzu ana neman ciwon a inda yake.

A gidanku ma akwai wata Hajiya: uwa, ko mata, ko gwaggo, wadda take tsayawa ta dafe ƙirji tsakanin rijiya da madafa, in an tambaye ta ta ce ba komai. Ku kawo mana ita ranar awo mai zuwa, ku taho da tsohon katin cikinta in yana nan. Allah ya ƙara mana lafiya.